Shimfiɗa ta Uku: Ɗakin Baƙi Tsakanin Girmamawa da Riya

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya sanya duniya masauki, bai sanya ta gidan dawwama ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa.

Ɗan Issa gari ne na bakin hanya. Kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Jibiya da Katsina ta nan ta ratsa, kuma a nan matafiyi ke tsayawa gaban 'yan duwan kafin ya tsallaka iyaka. Gari irin wannan ba ya rabuwa da baƙi. Akwai direban da dare ya yi masa bai gama da takardunsa ba, akwai falke, akwai ɗan'uwan da ya fito ziyarar waliyyai 99 da ke kwance kewaye da tafkin Madarunfa, akwai masu wucewa zuwa Maulidi. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, masu shirin wucewa da yawa sun zama masu kwana ba da niyyarsu ba.

A da zaure ne masaukin kowa. A share shi, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa da fura, an gama. Yanzu da Allah Ya buɗa wa wasu 'yan'uwa suka yi ginin siminti, sai ga ɗakin baƙi an ware shi daban: gado da katifa mai kauri, labule har ƙasa, kafet, fanka mai aiki da hasken rana, turaren wuta. Daga nan magana ta rabu biyu a bakin zawiya. Wasu na cewa wannan shi ne girmama baƙo da addini ya yi umarni da shi, kuma Allah Mai kyau ne Yana son kyau. Wasu na cewa ƙawar duniya ce ta shigo ta ƙofar baya sanye da rigar karamci, domin muridin da ke da'awar zuhudu ba shi da abin yi da labule mai sheƙi. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma kowanne ya bar wani abu a baya.

Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (RA) hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ƙidaya shimfiɗun gida a cikinsa. Ya ba wa miji ɗaya, ya ba wa matarsa ɗaya, ya ware ta uku domin baƙo, sannan ya jingina ta huɗu ga Shaiɗan. Wannan ya isa ya kwantar da hankalin mai tsoron cewa tanadin wuri domin baƙo ɓarna ce. Shimfiɗar da ke jiran wanda bai zo ba tukuna tana cikin lissafin gidan Musulmi, kafaɗa da kafaɗa da ta mai gida. Malamai sun fassara ta huɗun da abin da ya wuce buƙata, wanda aka ajiye domin alfahari da nuna wa mutane.

Abin da ya kamata muridi ya tsaya a kansa shi ne, shimfiɗa ta uku tana iya komawa ta huɗu ba tare da an ɗaga ta daga inda take ba. Katifar ita ce dai, zanen gadon shi ne dai. Idan ɗakin kullum a kulle yake, ana buɗe shi ne kawai a nuna wa surukai da abokan kasuwa, shekara ta zagayo ba wanda ya kwana ciki, alhali matafiya na kwana a kan benci a tasha, to sunan baƙo kawai aka ara. Hukuncin yana bin wanda aka yi domin shi. Mai gida shi ya fi kowa sanin amsar, in ya yarda ya tambayi zuciyarsa bayan ya idar da lazimin safe, lokacin da ba mai kallonsa: da aka zaɓi labulen nan, fuskar wa aka hango? Ta gajiyayyen da zai kwanta, ko ta maƙwabcin da zai leƙo ya ce ma sha Allah?

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ɗakin da aka shirya domin baƙo. Kayansa suna amsa tambayoyin da baƙo ke jin nauyin yi. Mutumin da ya sauka gidan da bai sani ba yana da 'yan buƙatu ƙanana masu nauyin faɗa, kuma Bahaushe ya gwammace ya kwana a takure da ya buɗe baki ya tambaya. Ina alƙibla? Ina makewayi, kuma ta ina za a bi ba tare da an ratsa tsakar gida ana cin karo da iyali ba? In ƙishi ya tashe shi tsakar dare, ina ruwa? Ɗakin da aka ajiye buta cike a bakin ƙofarsa, da sallaya a shimfiɗe tana fuskantar gabas, da tulu ko randa mai murfi da moɗa a kai, da tocila kusa da matashi, ya ɗauke wa baƙo kunya huɗu kafin ya zauna. Ɗan'uwa mai wuridi yana tashi kafin asuba. In sai ya tada wani kafin ya sami ruwan alwala, wataƙila ya haƙura ya koma ya kwanta, kuma mai gidan ya yi asarar ladan da aka kawo masa har cikin gida. Ƙusa guda a bango da zai rataya babbar rigarsa ta fi masa amfani da furen roba. Haka wurin cajin waya, tunda iyalinsa na can suna jiran su ji ya sauka lafiya. Haka sakata ta ciki, wadda za ta bar shi ya tuɓe ya miƙe ƙafa da natsuwa.

Sannan lokaci yana da nasa hukuncin. Da damina, sa'ad da sauro ke tasowa daga gulbi da kududdufai, gidan sauro marar huda shi ne rabin karamci, domin ba girmamawa ba ce mutum ya tafi da zazzaɓin cizon sauro a matsayin guzuri. Da hunturu bargo ake nema da taga mai rufuwa. Da bazara kuwa, lokacin da kwanon rufi ke mai da ɗaki tanda, girmamawar tana iya zama a fitar da katifar nan mai tsada waje a shimfiɗa ta ƙarƙashin rumfa. Mai gidan da ya dage sai baƙo ya kwana cikin ɗakin don ya ga adon da aka yi, ga gumi yana zuba, kansa ya yi wa hidima.

Tarihin Abu Ayyub al-Ansari (RA) yana da darasi a nan. Da Manzon Allah (SAW) ya iso Madina, gidansa ya sauka har aka gama ginin masallaci da ɗakuna. Gidan mai bene ne, kuma a ganin Abu Ayyub sama ce ta dace da babban baƙo. Annabi (SAW) ya zaɓi ƙasa, saboda ta fi masa sauƙi, shi da masu zuwa wurinsa. Masu sira sun kawo cewa wani dare tulun ruwa ya fashe a sama, sai Abu Ayyub da matarsa suka ɗauki mayafinsu, wanda ba su da wani sai shi, suka tsane ruwan don kada ya ɗiga a kan Shugaba (SAW). Abin da mai gida ya ɗauka girma da abin da ya fi wa baƙo sauƙi sun saɓa, kuma sauƙin baƙo aka fara bi. Daga baya, kamar yadda Muslim ya ruwaito, da nauyin zama a saman Annabi (SAW) ya hana Abu Ayyub sukuni, Annabi (SAW) ya koma sama. Baƙon ma ya duba halin mai masaukinsa.

Wannan Abu Ayyub ɗin shi ne Bukhari ya ambata cewa Abdullahi ɗan Umar (RA) ya gayyace shi, da ya ga an lulluɓe bango da yadi sai ya juya bai ci abincin ba. Kuma Sayyada A'isha (RA) ta ba da labarin labulen da ta rataya, Annabi (SAW) ya cire shi, ya nuna cewa ba a umarci mutane da tufatar da duwatsu da laka ba. Ita kuma ta yanka shi ta yi matasai biyu, bai hana ta ba. Masu sukar ado suna kafa hujja da farkon labarin, su manta ƙarshensa. Yadin bai haramta ba. An sauko da shi daga bango, inda ido kawai yake ci, aka mai da shi abin da jiki zai jingina a kai. Wannan ma'auni ne mai kyau ga duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi da kuɗi a aljihu domin kayan ɗakin baƙi: labulen da ke tare rana da idon masu wucewa yana aiki, wanda aka jera a kan bangon da ba taga kuwa laka aka yi wa riga.

A gefe guda, akwai maganar hotunan shehunai, wadda 'yan'uwa ba su cika son a taɓa ba. Soyayya ce ke sa a rataya su, ba mai musun haka. Amma ɗakin kwana wuri ne da ake tuɓewa, a miƙe ƙafa ta kowace fuska, kuma a yi salla. Hoto a bangon alƙibla yana ɗauke hankalin mai salla, kuma muridi mai ladabi zai kwana a dunƙule don kada ya miƙa ƙafa wajen hoton Shehu. In baƙon ba ɗan ɗariƙa ba ne, an sa shi cikin wani hali da bai nema ba, ga shi ba shi da bakin magana a gidan mutane. Zaure ko ɗakin karatun mai gida ya fi dacewa da su.

Sai batun kallafa wa kai. Imam Ghazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya yi dogon bayani a kansa cikin Ihya'u Ulumid Din, a babin ladubban cin abinci. Ya kawo ra'ayin Fudailu ɗan Iyad cewa kallafa wa kai ne ke yanke zumunci, domin wanda aka wahala saboda shi ba ya son ya sake dawowa. Ya kuma kawo labarin Salmanul Farisi (RA), wanda ya ba baƙinsa gurasar sha'ir da gishiri, ɗayansu ya yi fatan da akwai wani ganye mai ƙamshi a ciki, sai Salman ya fita ya jinginar da butar alwalarsa ya sayo. Da mutumin ya ƙoshi ya gode wa Allah da Ya sa shi wadatuwa da abin da ya samu, Salman ya tuna masa cewa mai wadatar zuci ba ya sa a jinginar da buta.

A ƙasar da rumbu ke yin ƙasa tun kafin ruwan farko, wannan magana ba ta littafi kaɗai ba ce. Ana samun wanda zai sayar da hatsin cin gida, ko ya ci bashi, domin wani babban malami zai kwana ɗaya a gidansa. Malamin ya tafi, bashin ya zauna. Wanda ke biya kuwa sau da yawa ba shi ne wanda aka yi wa addu'a a zaure ba. Uwargida ce aka ɗauke wa katifa, ita ce ta kwana a madafa, yara ne aka kora daga ɗakinsu. Masu kare wannan hali suna kawo labarin Ba'ansaren nan, wanda ruwayar Muslim ta ce Abu Ɗalha ne (RA), da ya kai baƙon Annabi (SAW) gida alhali ba komai sai abincin yara, aka lallashi yaran suka yi barci, aka kashe fitila, shi da matarsa suka riƙa nuna kamar suna ci, har ayar fifita wani a kan kai ta Suratul Hashri ta sauka. Labarin gaskiya ne kuma babba ne. Sai dai a lura da abu biyu. Ya shawarci matarsa, ta yarda, da hannunta aka kashe fitilar. Ladan na mutum biyu ne da suka zaɓa. Kuma an kashe fitilar ne don kada baƙon ya san abin da aka yi dominsa. Mai cin bashi don a ce ya iya saukar malami yana ƙara wa fitila mai ne don kowa ya gani. Mutum yana da ikon ya fifita wani a kan rabonsa. Rabon iyalinsa amana ce, sai da yardarsu.

Mafi wuyar tambayar ita ce: wa ke kwana a ɗakin? A nan ne zuciya ke tonuwa. Muƙaddami ya zo daga Kano ko Kaulaha, an buɗe ɗaki, an kunna turare. Washegari tsoho ya zo daga ƙauye da sanda da ƙullin kaya, ya kawo jikarsa asibiti, aka nuna masa tsohuwar tabarma a zaure alhali ɗakin ba kowa. Shari'a ba ta ce a daidaita kowa a komai ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Sayyada A'isha (RA) ta ba wani mai bara gutsuren gurasa, ta zaunar da wani mai kamala ta ciyar da shi, ta kafa hujja da umarnin saukar da mutane a matsayinsu. Malami da dattijo suna da haƙƙin ƙari, kuma in baƙi biyu suka haɗu dare ɗaya ba laifi a gabatar da mai ilimi ko mai shekaru. Amma fifiko a lokacin cunkoso daban yake da kulle ɗaki don kada talaka ya ɓata zanen gado. Hadisin da ya kira abincin walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta mafi sharrin abinci bai tsaya a kan tukunya ba, ma'anarsa ta kai har kan gado. Mutanen ɗariƙa kuma su ne suka fi kowa faɗin cewa Allah Ya ɓoye waliyyansa cikin bayinsa. Wanda ya gaskata haka da zuciyarsa ba zai natsu da auna baƙo da tsadar shaddarsa ba. Bahaushe da ya ce baƙonka annabinka bai ware mai mota ba.

'Yan'uwa Tijjanawa suna da malami a kan wannan kullum a gabansu. Idan aka zo Jauharatul Kamali a wazifa, ana shimfiɗa farin izari a tsakiyar da'ira, domin girmama halartar da ake fata. Ba a taɓa shirya wuri domin baƙon da ya fi wannan daraja ba, kuma abin da aka nema a wurin shi ne tsarki: alwalar ruwa, wuri mai tsabta, farin ƙyalle wankakke. Ba zinariya, ba aiki, ba launi. Zawiyar ƙauye mai daɓen ƙasa da babbar zawiyar Fas izarinsu iri ɗaya ne. Talakan da ba shi da gado ya ɗauki wannan ya huta da jin kunya, domin tabarmar kaba da aka kakkaɓe, da zane wankakke, da ɗaki sharare da aka yayyafa wa ruwa, sun cika sharaɗin. Mai hali kuma ya san cewa abin da ya ƙara a kan haka ƙari ne, yana da lada gwargwadon hutun da ya ba wani.

Saura wani abu da ba a iya tsallake shi a yankin Madarunfa na yau, wato tsoro. 'Yan bindiga sun addabi garuruwan iyaka, suna satar shanu suna ɗaukar mutane don kuɗin fansa, kuma kowa ya ji ana cewa sukan aiko mai leƙen asiri kafin su zo. Mai gidan da ya ji sallama bayan isha ya tsaya yana tunani ba marowaci ba ne, yana da mata da 'ya'ya a bayansa. Amma wannan bala'in shi ne kuma ya koro dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019, yawancinsu mata da yara, kuma kafin ƙungiyoyin agaji su iso, mutanen ƙauyuka ne suka buɗe musu gidaje, waɗanda ba su da ɗakin baƙi ko ɗaya. Fuskar da ake tsoro da fuskar da ke neman mafaka ta hanya ɗaya suke zuwa, a sa'a ɗaya, da ƙura iri ɗaya a ƙafa.

Alƙur'ani bai ɓoye cewa Annabi Ibrahim (AS), uban masu karɓar baƙi, ya ji tsoron baƙinsa ba. Suratu Hud da Suratuz Zariyat sun nuna bai san su ba, ya kawo musu gasasshen maraƙi, da ya ga hannuwansu ba su kai ga abincin ba sai tsoro ya shige shi. Bai bar lura ba, kuma lurar ba ta hana maraƙin isowa ba. Tsarin gidan Hausa tun asali ya yi tanadin haɗa waɗannan biyun: zaure yana bakin hanya, iyali suna can ciki, tsakaninsu akwai katanga da ƙofa. Duk mai gina ɗakin baƙi yau ya kamata ya riƙe wannan hikima, ya sa ƙofarsa ta fuskanci waje ko farfajiya, da makewayinsa daban, yadda za a iya saukar da wanda ba a sani ba a cikinsa ba tare da an buɗe masa cikin gida ba. Ɗakin da aka cusa a ƙuryar gida, kusa da ɗakunan mata, ya riga ya yanke hukuncin cewa sai dangi da manya.

Tambayar baƙo sunansa da garinsu da inda ya nufa ba cin fuska ba ce, in an yi ta bayan ya sha ruwa, da sakin fuska. Sanar da mai unguwa ko liman cewa an sauki wani ma haka ne, kuma baƙon kirki zai fi kowa jin daɗin a san da shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba duk da haka, yana da zawiya da masallaci: ya raka mutumin can da kansa, ya aika masa da tabarma da gidan sauro da tuwon dare, ya gaya wa muƙaddami, da asuba kuma ya je ya gaishe shi ya ji yadda ya kwana.